Tukunyar Gara da Zabbina Ashirin da Huɗu

Na manta sunayen rabin waɗanda muka zauna aji ɗaya da su, na manta kalar rigar da na sa ranar ɗaurin aurena, kai, wani lokacin har hular da ke kaina nake nema. Amma safiyar da na tsugunna a bakin akurki ina tsince gawar zabbina ɗaya bayan ɗaya, wannan ko da sabulun salo aka wanke mini ƙwaƙwalwa ba za ta fita ba. Kuma bari in faɗa muku tun yanzu, har gobe ban huce ba.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Indabo. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka ɓalle kamar kogin Wudil ya ci gaɓa. Samari sun jingine fartanya sun tafi birni leburanci, in sun dawo ranar Juma'a sai ka ga mutum da rediyo a kafaɗa, da wando mai faɗin ƙafa wanda shi kaɗai zai share kasuwa tun daga kara har bakin gada. Kowa ya zama ɗan zamani. Duk abin da ba a kwali ko a gwangwani ya zo ba, ƙauyanci ne.

A gidanmu mutum ɗaya ce ba ta san ana yi ba, kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya. Ita sana'arta ƙwari. Da kaka ta soya fara da yaji, da faɗuwar ruwan fari ta toya shinge, garar nan mai fiffike da ke fitowa daga suri, a kai mata kasuwa ya ƙare kafin azahar. Amma gindin arziƙinta suri uku ne a ƙarshen gonarmu, biyu ƙanana, ɗaya babba a gindin tsamiya, wanda ta ce ko da aka kawo ta gidan amarya a nan ta same shi. Mutane suna kiwon awaki, Iya tana kiwon gara. Kada ku yi dariya, kiwo ne sosai, da dokokinsa.

Ga yadda ake yi. Ka sami tsohuwar tukunya, ka cika ta da kandilo, wato busasshen kashin shanu, ka haɗa da totuwar masara da guntun kara, ka yayyafa ruwa. Da la'asar ka ɗan fafe gefen suri, ka kife tukunyar a kai, ka rufe da ganye. Washegari tun rana ba ta yi zafi ba ka ɗaga, za ka tarar gara ta hau ta cika ta maƙil. Ita ce abincin 'yan zabbi. Ɗan zabon da ya tashi da gara, ruwan damina ba ya kayar da shi. Dokar Iya kuwa biyu ce: ba a rushe suri, kuma ba a matsa wa ɗaya. In ka ɗiba a nan kwana uku, ka bar shi ya huta ka koma can.

Da gwiwa ta fara hana ta tafiya, ni ta ɗora wa aikin. Duk Asabar ina kara da buhu ina tsintar kandilon da shanun kasuwar Juma'a suka bari, abokaina suna bi na da waƙar tsiya. A daminar ta ba ni ƙwan zabbi ta ce in sa wa kaji biyu su kwanta.

"Maigida," ta ce da ni, don haka take kirana, "waɗannan naka ne. In ka raine su suka yi fiffike, na san ko na mutu surina ba su zama marayu ba."

"Ke da mutuwa, tsohuwa? Ai sai kin binne mu duka."

"Ja'iri. Ɗauki ƙwai ka ba ni wuri."

Kaza ta fari ta ƙyanƙyashe ashirin da huɗu. Ta biyu ta makara da mako biyu, ta fito da bakwai. Ashirin da huɗun nan na san kowanne da halinsa. In suka hango ni da tukunya a ka, sai su taho a guje kamar ana rabon Aljanna.

To, sai dai ina da tabo, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ni ne na zuba zago, manyan garar nan masu cizo, a takalmin malamin lissafi, ya yi rawar da ba a taɓa gani ba a gaban aji. Ni ne na ɗura wa zakaran maƙwabcinmu garin taba don in ga ko zakara yana atishawa. Yana yi, sau goma sha ɗaya na ƙirga. Saboda haka ko tukunya ce ta fashe a unguwar da ban taɓa takawa ba, sunana ake fara kira.

Ana cikin haka Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo daga birni. Ya zama ɗan kwangila, ya je Makka a jirgi ya dawo da haƙorin zinariya, ga Fijo fara sol wadda yake goge mata ƙura da hannun riga. Tun da ya sa haƙorin nan bai sake rufe baki ba, ko barci yake ina jin a buɗe yake barin gefen. Ya ce zai kawo mana ci gaba. Ya sauke kwalaye cike da 'yan tsakin kajin Turawa, farare tas, wai ɗari biyu, da buhunan abincinsu na kamfani. Aka share shagon da ke jikin zaure aka zuba su kafin a gina musu gida. Inda ya zaɓa ya yi ginin kuwa, ƙarshen gonarmu ne, dab da surin Iya.

Ranar da ya gan ni ina cusa kandilo a tukunya, sai ya toshe hanci da hankici.

"Yaya," ya ce da Baba, "yanzu a wannan zamanin ɗanka yake wasa da kashin shanu? Mutane suna zuwa wata, mu muna kiwon gara?"

Baba mutum ne mai sanyi, kuma tun da Fijo ta fara kwana a ƙofar gidanmu ya ƙara sanyi. Murmushi kawai ya yi. Iya ce ta amsa daga ɗaki.

"Auta, da kuɗin shingen surin nan aka saya maka allo da wandon kaciya. Ka kiyaye ni."

Ya yi dariya, haƙorin ya haska tsakar gida. Magini ya riga ya faɗa masa cewa gara za ta cinye masa katako, amma bai sake tayar da maganar a gaban Iya ba. Na ɗauka ya haƙura. Wautata ke nan.

Ranar wata Talata da la'asar na kife tukwanena a ƙananan surin biyu, don lokacin hutun babban ne. Aka yi ruwa kafin gari ya waye. Ni kuma ina fama da murar da na kwaso a wankan kogi, hancina a toshe, ko mushen jaki aka ajiye mini ba zan ji ba. Da safe na ɗauko tukwane, na ga garar ta yi lakwas, na ce sanyin ruwa ne. Na juye wa 'yan zabbina da uwarsu. Da hannuna. Ina yi musu kirari ma.

Kafin hantsi suka fara. Wannan ya yi juyi kamar mai hajijiya ya faɗi, wancan ya miƙe ƙafa yana karkarwa, wani ya ɗaga kai sama yana buɗe baki ba sauti. Na ɗauki wannan in ba shi ruwa, wancan ya mutu a bayana. Na yi ta kiran Iya har muryata ta dushe. Kafin azahar babu ko ɗaya, har kazar da ta ƙyanƙyashe su. Bakwai ɗin nan kaɗai suka tsira, don suna ɗakin Iya a ƙarƙashin kwando, ba su isa cin gara ba tukuna.

Na jera su a kan buhu, ashirin da huɗu. Mutanen gida suka taru. Baffa ya fito yana sakace, ya leƙa, na ga idonsa ya ɗan kaɗa. Wallahi na gani. Amma da ya buɗe baki ga abin da ya fito:

"Yaya, ba yaron nan ne ya ɗura wa zakaran mutane taba ba? A bincike shi. Wani shaƙiyancin ya gwada a kansu."

"Baba, wallahi gara kawai na ba su!"

"Haka ka ce ranar zakara," in ji Baba.

Kuma gaskiyarsa, haka na ce. Ya kariyo tsumagiya. Ba zan ce muku bulala ɗari ya yi mini ba, ko da yake shekaru da yawa haka nake ba da labarin. Bakwai ce. Amma ba zafinta ne ya dame ni ba. Ana dukana a kan gawar abin da na fi so a duniya, wanda ya san gaskiya yana tsaye yana sakace. Da aka gama sai ya ƙara da cewa gobe da safe zai turo leburori su baje surin duka, a huta da wannan ƙazanta. Baba bai ce a'a ba.

Na shige ɗakin Iya na kife a kan tabarma. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi, "Miƙo hannunka." Ta jujjuya yatsuna a hasken ƙofa kamar mai sayen zobe.

"Yau zago bai cije ka ba?"

Na duba. Duk safiyar duniya sai na dawo da cizo uku ko huɗu a yatsu, don zago ba ya barin a taɓa gidansu kyauta. Ranar babu ko ɗaya.

"Tun kafin a haifi ubanka nake kife tukunya," ta ce, "gara ba ta taɓa kashe mini ko ɗan tsako ba. Garar da ba ta cizo ba lafiya gare ta ba. Share hancinka ka je ka gaishe da surin nan."

Na tafi a guje. Abin da na tarar har yanzu yana zuwa mini. An huda ƙananan surin biyu ta sama da ƙarfe. Ga ƙadangaru biyu a wuntsile, ga kwaɗo ya bushe a zaune, ga wata 'yar tsuntsuwa a gefe. Na fasa gefen suri da dutse, garar da ke ciki ta zubo kamar shinkafar da ta kwana. Kuka ya buɗe mini hanci, sai ga wari kamar an haɗa kananzir da ruɓaɓɓiyar albasa. A cikin sabara na tsinci galan, babu komai a ciki, da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsa. Babban surin ba a taɓa shi ba. Ashe maganin ne ya ƙare musu.

Na sungumi galan sai gida. Na sami Baba da Baffa a zaure, na dangwarar da shi a gabansu. Baffa ko gezau.

"Wannan ai na shafa wa katako ne. Ka ga irin yaron da kake goyo, Yaya? Yanzu kuma sharri zai yi mini."

Baba ya dube ni ya ce, "Fice mini daga nan kafin in ƙara maka."

A nan na gane abu guda: galan da hoton mutuwa a jikinsa bai kai haƙorin zinariya nauyi ba. Ni ba wanda zai yarda da ni. Sai dai in bakin Baffa ne zai faɗa da kansa. To, in dai shaƙiyanci ne ya ja mini duka, bari shaƙiyancin ya biya ni. Na ɗauki sabuwar tukunya daga bayan ɗakin Iya, wadda ba ta taɓa zuwa gona ba, na cika ta da kandilo, na je na kife a babban suri, na roƙe shi gafarar katse masa hutu.

Da safe leburori uku suka iso da diga da shebur, da sabon galan. Baffa ya fito cikin farar shadda, ya sha guga har tana ƙara. Baba yana zaune a dakali. Ni kuma na shigo da tukunya a ka, na wuce ta gabansu, na tura ƙofar shagon 'yan tsaki.

"Kai! Me za ka yi a nan?" in ji Baffa.

"Ragowar garar jiya ce, Baffa. Ka ce ni na ba zabbina wani abu, ba ita ta kashe su ba. To kada ta lalace a banza."

Na juye ta tsakiyar shagon.

Jama'a, 'yan tsakin nan da aka ce ba sa cin komai sai abincin kamfani, suka yi mata caa kamar an saki fursunoni a kan tuwo. Baffa ya kurma ihun da na tabbata an ji shi har can garin Achika. Ya yi tsalle ya dira a cikinsu, shadda da komai, yana kora su da hula, yana tattare gara da tafin hannu.

"Ku kama su! Ku fitar da su! Da magani a ciki! Wayyo, ya kashe ni, maganin bai fita ba!"

Santsin kashin kaji ya kwashe shi ya zauna daɓas. Zago kuwa, da yake waɗannan lafiyarsu ƙalau, suka shige masa hannun riga suka kama aiki. Sai ga ɗan kwangila yana irin rawar malamin lissafi.

Baba ya taso a hankali ya tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji. Wane magani?"

A karon farko tun dawowarsa na ga bakin Baffa a rufe. Ɗaya daga cikin leburorin, wani dattijo, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai na faɗa wa Alhaji akwai tukwanen yaro a kife. Ya ce mu zuba kawai."

Ashe Baffa ya ga tukwanena. Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a wuya shekara da shekaru. Ba kuskure ba ne. Ya gani, ya san na wane ne, ya san wa zai ci, amma tsayawa ya aika a kira ni ya fi ƙarfin girmansa.

"Kwantar da hankalinka, Baffa," na ce. "Wannan daga babban suri take. Ni ba na ba ɗan tsako guba, ko na maƙiyina ne."

Sai muka ji ƙarar sanda. Iya ce, wadda ta yi wata biyu ba ta taka zaure ba, ta dafo bango ta fito. Ta dubi ɗanta a zaune cikin kashin kaji.

"Auta, ka kashe mini suri biyu, ka kashe wa yaro dabbobi, ka tsaya ana dukansa. Jirgin da ya kai ka Makka bai dawo da kunyarka ba?" Ta juya wajen leburori. "Ku kuma wanda ya ɗora diga a surin tsamiya, ya haƙa da faɗi, don ni zai fara binnewa."

Ba wanda ya ɗora. Aka mayar da ginin can bakin titi. 'Yan tsakin Baffa ko ɗaya bai yi tari ba, hasali ma kwana uku suna leƙen ƙofa suna jiran tukunya.

Kuna jiran in ce Baffa ya ba ni haƙuri? Bai ba ni ba. Agogon hannu ya aiko mini da shi ta hannun direbansa, na mayar masa a cikin tukunyar kandilo. Baba ma bai ce komai ba, don a lokacin uba ba ya ba ɗa haƙuri da baki. Amma ranar Asabar na fito zan tafi kara, sai na tarar da buhun kandilo cike a ƙofar ɗakin Iya, ga kuma ɓurɓushinsa a bayan kekensa. Mutumin da ko taki ba ya ɗauka da hannu. Na yafe wa Baba a wurin. Na Baffa kuwa, Allah Ya ji ƙansa, na yafe don an ce a yafe, amma ban ce na huce ba.

Zabbi bakwai ɗin nan da babban suri na raine su, duk suka yi fiffike, Iya ta gan su a kan katanga kafin ta rasu. Ƙananan surin biyu ba su sake tashi ba. Damina uku ta narkar da su, shingen da ake toyawa a gidanmu ya ragu har aka daina kai shi kasuwa.

Kwanan baya na ji wasu masu ilimi a rediyo suna bayanin wata sabuwar sana'a, wai kiwon ƙwari don ciyar da kaji da mutane. Sabuwa! Na kusa jefa rediyon a rijiya. Da Iya tana da rai da ta tambaye su ko zago ya taɓa cizonsu.

Abin da ranar ta koya mini biyu ne, ɗaya a kaina, ɗaya a kan mutane. A kaina, na gane duk atishawar da na sa zakaran mutane ya yi, ajiya nake yi wa bayana, ranar da na zo da gaskiya ba mai saye. A kan mutane kuwa, in ka tarar da tukunya a kife a inda ba kai ka kife ba, komai warinta, komai tsadar rigarka, ka tsaya ka tambayi mai ita. Akwai bakin da yake jiran abin da ke cikinta.